Kifin Kan Buhu

Babana manomin albasa ne a Liba, kuma in dai ɗaure buhu ake magana, ban ga na biyunsa ba. Kowa ya san yadda ake yi. Ƙanana da masu tabo a ƙasa, matsakaita a tsakiya, sannan a jera manya jajaye masu sheƙi a kai, yadda dillalin Aliero zai kwance igiya ya ji ransa ya yi fari. A wurinmu wannan ba ha'inci ba ne, dillalin ma ya sani, haka ya ga ubansa yana yi. Ladabi ne, don ba a tarar baƙo da mummunan abu. Baba kan zauna a tabarma ya ɗauki albasa ya juya ta, ya shinshina, ya latsa wuyanta da babban yatsa, ya ajiye ya ɗauki wata. Sai kowa ya gama ya tafi cin abinci shi yana nan yana zaɓen na kan buhu.

Ni ce 'yarsa ta fari, saboda haka tun da na yi wayo ban taɓa jin ya kira sunana ba. Magana ma ba ya yi mini kai tsaye. In yana son in kawo ruwa sai ya dubi katanga ya ce, "A kawo ruwa." Katangar gidanmu ta sha aike, wallahi. Abin da ya fi ƙarfin katanga kuma sai ya bi ta bakin Baffa, ƙaninsa, ɗan kabu-kabu, mutumin da bakinsa ba ya riƙe ko tsinke.

Likitancin mutane na nema, aka ba ni karatun kifi. Na yi kuka na share hawaye na shiga aji, kafin shekara ta zagayo abin ya kama ni. Amma zo ka ji Liba! Matan unguwa sukan tare ni a hanya su ce, "Likita, tarwaɗar da na saya jiya tana tari, a duba mini." Wani tsoho ya taɓa tambayata da gaske ko a cikin ruwa muke ɗaukar darasi. Baffa ne shugaban masu tsiya, ya ce tun da yake bai taɓa ganin kifi ya zo asibiti da ƙafarsa ba.

Shekarar da na samu aiki, sai kawai aka ga Baba ya yanke ɓangaren lambunsa mafi kyau, inda albasa ke yin kamar kan jariri, ya sa an haƙa rami. Mutane suka ɗauka rijiya ce ta yi faɗi. Ya ja ruwa da injin ban-ruwa, ya sayo 'ya'yan tarwaɗa ya zuba. Da aka tambaye shi dalili a bakin masallaci, sai ya ce, "Gidan da ad da likitan kihi, kunya ce a ce babu kihi." Baffa ne ya kawo mini maganar yana dariya har da riƙe ciki. Ni ban yi dariya ba, na shiga ɗaki na rufe ƙofa na yi kukana.

Daga zubin farko ya bar mace ɗaya bai sayar ba. Ni na aika masa ta bakin Baffa cewa ya bar ta, ita za mu riƙa samun ƙwai a jikinta ya daina sayen 'ya'ya a wurin wasu. Ta girma ta yi kamar cinyar mutum, baƙa sitik, gashin bakinta kamar na tsohon soja. Daga hannunsa take cin abinci. Babba yake ce mata, kuma ita kam yana kiran sunanta, har da hira. Na sha tsayawa a gefe ina jin kishin kifi, ba zan ɓoye ba.

Ina zaune a Jega Sabon Gari, kullum safe in hau mota zuwa Aliero, inda ɗakin gwajinmu yake. Aikin ba wani abin kallo ba ne. Mai kiwo ya kawo kifi da ransa, ko wanda ya kusa mutuwa. In kankare yauƙin jikinsa, in ɗaga murfin kunnensa in yanko ɗan jan naman da yake numfashi da shi, in ɗora a gilas da ɗigon ruwa, in sa a ƙarƙashin madubin da ke girmama ƙananan abubuwa. In abin ya fi haka sai a buɗe ciki a duba hanta da ƙoda, a shafa a faranti a jira ƙwayoyin cuta su tsiro. Ƙa'ida ɗaya ce babba: kifin ya zo da rai, kuma ya zama mara lafiyar. Ƙwarin da ke jikinsa da ya mutu suke watsewa, kamar 'yan biki an ce shinkafa ta ƙare. Ogana dattijo ne da ya tsufa a kan kifi, ba ya dariya sai ya ga cuta mai kyau.

Ana tsakiyar zafi Baffa ya kira ni a waya.

"Likita, yayana ya ce a hwaɗa miki kihin sun ɗan yi sanyi."

"Sanyi kamar yaya, Baffa?"

"To, ba su cin abinci sosai. Wasu sun miƙe tsaye cikin ruwa kamar masu jiran liman. Ɗaya-ɗaya kuma sunka riga mu gidan gaskiya."

Na san ramin nan ba na kifi kaɗai ba ne. In ya mutu, duk Liba za ta ce ga gidan likitar kifi, ga kifi ya ƙare, kuma Baba ne zai zauna a bakin masallaci ya ji. Na ce wa Baffa maza a kawo mini guda biyu ko uku gobe in duba.

Washegari da hantsi sai ga Baffa a ƙofar ɗakin gwaji, da kwanon samira ɗaure cikin sabon ɗankwalin Inna. Tun kafin ya kwance na ji ƙamshi. Na buɗe, sai ga tarwaɗa banda, an lanƙwasa su an soke da tsinke, sun yi jawur suna maiƙo. A gefe an ƙulla yaji a leda.

"Baffa, mene ne wannan?"

"Kihin da kinka ce. Innarki ba ta zauna ba tun jiya."

"Banda zan duba? Banda, Baffa?"

"Yo ɗanye za a aiko miki wurin aiki, sai ka ce ba ki da uwa?"

Oga ya fito ya leƙa kwanon, ya ɗauki ɗaya ya juya shi da yatsa biyu, fuskarsa ba walwala. Ya ce a iya binciken da ya yi, wannan majinyacin hayaƙi ne ya kashe shi. Sannan ya ɓare gefe ya dangwali yaji. Kafin azahar abokan aikina sun cinye samfurin tas, har ana tambaya ko akwai wata cutar a Liba.

Na cika na batse. Na tsayar da Baffa a bakin babur na karanta masa dalla-dalla: da rai, cikin ruwa, a yanke saman jarka a zuba su, kada a yanka, kada a wanke, kada Inna ta ko kalle su. Ya ce ya ji.

Kwana biyu sai ga jarka. Na leƙa, na ga wani santalelen kifi yana dukan ruwa da wutsiya. Sai da mu biyu muka danne shi a tebur, ya kwaɗa mini mari a kumatu kafin in kankare shi. Fata sumul, kunne jawur, ido tar. Na duba a madubi na sake dubawa, ban ga komai ba sai ɗan abin da ba a rasa ba a jikin kowane kifi. Oga ya duba ya taɓe baki, ya ce wannan ya fi shi lafiya. Na ce wa Baffa ya gaya wa Baba wannan dai lafiyarsa lau, amma a aiko mini da wanda ya miƙe tsaye ɗin nan.

Rabin farko na saƙon kaɗai ya isa bakin masallaci. Baba ya sanar da jama'a cewa an auna kifinsa a Aliero da na'ura, an ce lafiyarsu lau. Wani maƙwabcinsa ya ce, to waɗanda ake gani ana kwasowa da safe fa? Baba ya ce, "Su ma lahiya lau suke mutuwa." Kuma ya faɗa da zuciya ɗaya, don maganar 'yarsa ce, ba a ja da ita.

Jarka ta gaba ta zo da wanda ya fi na farko kyau. Ta bayanta ta zo da wani mai sheƙi kamar an shafa masa man gyaɗa, sai ɗan ƙwarzane a gefen wutsiya wanda na tabbata ragar kamu ce ta yi shi. Duk wanda ya zo sai an yanka shi an buɗe, don haka aikin yake, ba ya komawa gida. Abokan aikina suka fara yi wa Baffa maraba tun daga bakin titi. Ni kuwa ina tsaye a gaban madubi ina duba lafiyayyun kifaye, na san can a Liba ana kwashe gawa. Ranar jarka ta ƙarshe na fizge makullin babur ɗin Baffa na ce ba zai tafi ba sai ya gaya mini wa ke zaɓo su.

"Wa kuwa? Yayana mana. Tun da sahe shike shiga ruwa har ƙugu. Shi kamo wanga shi juya shi, shi sake, shi kamo wancan. Kin san shi da zaɓe."

Nan take na ga tabarmar nan da tarin albasa. Kan buhu yake aiko mini! Cuta tana cin na ƙasa, ni kuma ina yanka na sama.

Ranar Asabar na kama hanya. Daga Jega zuwa Maiyama ina ta shirya faɗan da zan yi, ina maimaitawa a raina, har matar da ke kusa da ni ta tambaya ko da ita nake. Ban ko ajiye jaka ba na wuce lambu, Baffa yana bina.

Ramin tsaf. An share bakinsa, an yayyafa ruwa, an ma shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin dalbejiya. Babu gawa ko ɗaya, babu mai miƙewa tsaye. Sai dai ruwan ya yi kore shar, kauri kamar miyar kuka, ga ragowar abinci yana yawo a kai. Baba yana durƙushe wajen injin ban-ruwa yana taɓa abin da bai lalace ba. Na gaishe shi, ya amsa wa injin. Ya ɗebi abinci ya taɓa ruwa, Babba ta taso a hankali ta karɓa daga tafinsa, ya dube ta yana murmushi. Ya ce wa injin, "A ga dai, lahiya lau."

Ni kuwa hancina ya yi shekaru a wannan sana'a. Ƙarni nake ji, kuma ba daga rami yake zuwa ba. Na bi ƙarnin har rumfar da ake ajiye albasa, wadda aka kewaye da zana. Na ɗaga zanar.

Innalillahi. An kwashe albasa gefe guda, an jera robobin wanka, da tukunyar dahuwar biki, da bahon Inna da ta yi wata tana cigiya, da kwatanniya, har da tsohuwar randa da aka yanke wa baki. Kowanne da ruwa, kowanne da majinyata. Wasu fatar ta yi fari-fari kamar an barbaɗa toka, wasu gyambo a gefe, wasu gashin baki ya gutsure, suna rataye a saman ruwa suna haki. An rufa wa kowace roba faifai don kada haske ya dame su. Ga kujera 'yar tsugune a tsakiya, ga maficin kaba a kai. Mahaifina, mai furfura, yana zama yana yi wa kifi fifita.

Na juyo, sai na gan shi ya tsaya a bakin rumfar. Tsakanina da shi bai fi taku ɗaya ba. Ya dubi Baffa.

"A hwaɗa mata ba nan anka ce ta duba ba."

Baffa ya juyo gare ni. "Ya ce ba nan anka ce ki duba ba."

"Na ji, Baffa, kunnena lafiya. A gaya wa Baba waɗannan nake so tun farko. Yanzu zan ɗauki wancan mai gyambon in tafi da shi."

Baffa ya juya. "Ta ce..."

"Ba a ɗauka," in ji Baba, yana kallon zana.

"Don me?"

Baba ya ce wa Baffa, muryarsa ƙasa-ƙasa, "Mutum shina aiki cikin manyan mutane masu hwararen riguna. Sai a kai mishi ruɓaɓɓen abu gabansu, a ce daga gidansu ya hito? Su dube ta su ce ashe haka gidan ubanta shike?"

Ya kamata jikina ya yi sanyi, amma ni da zuciya kamar fetur. Na ɗaga murya a gaban ubana, abin da ban taɓa yi ba, sai dai Baffa nake kallo, don ko a cikin fushi akwai tarbiyya. Na ce ɗakinmu ba kasuwar Aliero ba ne, ba mai sayen komai. Na ce likita ba ya son mai lafiya. Na ce ko yanzu a rage abinci a canza ruwan nan kafin su ƙare.

Baba ya ce, "Ita tac ce lahiyarsu lau. Da na'ura. Na riga na hwaɗa ma mutane."

To fa. Da maganata ya ɗaure ni. Ba zai canza ko ɗigon ruwa ba sai na'urar da ta ce lafiya ta dawo ta ce ba lafiya, kuma ba zai ba na'urar abin da za ta gani ba. Baffa ya jingina da ginshiƙi yana kallonmu kamar ya biya kuɗin kallo. Na yi tunanin in sunkuci roba in ruga, amma Baba ya cika ƙofar, kuma ba a ture uba saboda tarwaɗa.

Sai wata muguwar dabara ta faɗo mini. Na ce, "Baffa, a gaya wa Baba shi ke nan, na haƙura. Ranar Litinin zan ɗauko Oga da duk masu fararen riguna a mota, mu zo nan rumfar su duba da idonsu. Har bahon Inna."

Baffa bai ma fassara ba. Baba ya dafa zana. Na wuce su na tafi cikin gida, na tarar da Inna tana hura wuta a ƙarƙashin ragar banda. Ta dubi murhu ta ce a zauna a ci abinci.

Litinin da hantsi ina wanke gilasai sai na ji ƙarar babur ɗin Baffa. Na leƙa ta taga. Baba ne a baya, cikin babbar rigarsa ta Juma'a, da hula sabuwar wanki, ya rungume jarka a ƙirji an lulluɓe ta da farin ƙyalle. Tun daga Liba, ta Maiyama, ta Jega, haka ya riƙo ta, ruwa ya jiƙa masa aikin gaban riga. Baffa ya raɗa mini cewa tun fitowar rana Baba yake rumfar yana zaɓe, ya ɗaga wannan ya ajiye, ya shinshina wancan, sai da ya tabbata babu wanda ya fi wanda ya ɗauko muni. Wai har ya tambaya ko ɗakin yana da ƙofar baya.

Ba shi da ita. Ta gaba Baba ya shigo, ya cire takalmi duk da an ce ya bari, ya ajiye jarkar a ƙasa can lungu ya ja baya ya sunkuyar da kai. Ban taɓa ganin Baba ƙarami haka ba. Sai na ji na tsani kaina da bakina da aikin gaba ɗaya.

Oga ya zo ya yaye ƙyallen. Abin da ke ciki da ƙyar za a kira shi kifi. Kai ya fi jiki, fata ta saɓule, gyambo har biyu, ido ya yi fari, yana kwance a gefe yana buɗe baki a hankali. Oga ya tsuguna. Sai na ga haƙoransa, waɗanda na fi wata ban gani ba.

"Allahu akbar! Ku zo, ku zo ku ga kaya! Wa ya zaɓo wannan?"

Baba ya ƙara sunkuyawa. "Ni ne, ranka shi daɗe. A yi haƙuri."

"Haƙurin me, Baba? Shekara nawa ina roƙon masu kiwo su kawo mini irin wannan! Sai su kawo gawa ta kumbura, ko su kawo wanda bai san ana ciwo ba. Dubi, bai mutu ba, bai kuma yi saura ba. Daidai! Wannan ido ne, Baba, ba kowa Allah ya ba ba."

Baba ya ɗago kai kaɗan ya saci kallon Baffa, ko dai zolaya ce irin ta 'yan boko. Ni na riga na kankare yauƙi na yanko kunne na ɗora. Ina sa ido na gan su, gilas ya cika maƙil, ƙananan abubuwa zagayayyu kamar faifai, suna juyi suna bin juna. Oga ya duba ya yi tafi ɗaya. Abokan aiki suka yi layi. Sannan Oga ya kamo hannun Baba ya kawo shi gaban madubi, ya nuna masa yadda zai rufe ido ɗaya.

Baba ya daɗe a sunkuye, hularsa ta zame Baffa ya tare. Can ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Duk waɗanga nawa ne?"

"Naka ne, Baba, daga raminka suka fito," in ji Oga.

"Ikon Allah. Kuma sun yi kyau?"

"Ban ga masu ƙiba irinsu ba bana."

Na ga kafaɗunsa sun miƙe. Wallahi na gani.

Magani kuma, abin haushi, gishiri ne. A yi musu wanka da ruwan gishiri gwargwadon da na auna wa Baffa, a zubar da koren ruwan nan a sa sabo, a daina ɗura musu abinci kamar baƙin da suka zo daga nesa. Baffa ya ce ashe Inna ta fi kowa sanin magani, tun farko take zuba musu gishiri, sai dai tana bari su mutu tukuna. Oga ya ce in an yi haka yau, abin da ya rage zai tashi. Na yi lissafin abin da ya rage a raina: raunana cuta ta kwashe, ƙarfafa na yanka da hannuna, saura 'yan tsakiyar buhu. Amma akwai Babba. Muddin tana nan da ƙwai a cikinta, damina ɗaya ta isa ramin ya cika. Da wannan na lallashi kaina na rako su waje.

Baffa ya tafi tayar da babur. Muka tsaya ni da Baba a rana, ba katanga kusa, ba inji, ba zana. Ya duba hagu ya duba dama, ya rasa wanda zai aika. Sai ya dube ni, ni ɗin, a ido.

"Ban kunyata ki ba?"

Na girgiza kai, da ƙyar na ce, "A'a, Baba."

Ya gyaɗa kai ya yi ajiyar zuciya. Sannan ya je bayan babur ya kwance wani dogon ƙunshi da ban lura da shi ba, an naɗe shi da takardar buhun siminti da sabon zanen Inna. Ya miƙo mini da hannu biyu, yana kallon gefe kamar da.

"A ba mai gidan aikin. Na ce ko da sun ga wancan sun raina, su ga wagga su san gidan ba haka shike duka ba."

Nauyin kaɗai ya gaya mini. Na buɗe gefe. Ba a iya lanƙwasa ta ba saboda girma, a miƙe aka yi bandarta, ta yi jawur, gashin bakin nan ya ƙone ya nannaɗe. Inna ta cire ƙwan ta soya daban, ta ƙulla a leda tare da yaji.

Baba ya tattare rigarsa ya hau bayan Baffa, jarkar da ba komai a cinyarsa. Ina jin sa yana cewa a tsaya Jega a sayi gishiri, kuma a bi ta bakin masallaci kafin a je lambu, yana da labarin da zai ba mutane. Ni kuma na tsaya a bakin titi rungume da Babba, da sauran ɗuminta a ƙirjina, ina kuka motocin albasa suna wucewa.